Katin da Ke Magana da Yawun Littafin da Aka Kulle

A manyan ɗakunan karatu na jami'o'in Amurka akwai miliyoyin littattafai da aka ɗauki hotonsu shafi bayan shafi aka adana a kwamfuta, amma doka ba ta yarda a buɗe su ga jama'a ba. Wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu a rumbun HathiTrust, abin da zai tarar shi ne sunan littafin da na marubucinsa, garin da aka buga shi, maɗaba'a, shekara, yawan shafuka da fannin da ya shafa, sai kuma sanarwar cewa bincike kawai aka yarda a yi a cikinsa, ban da karatu. Masu nema da yawa sukan yi tsaki su wuce. Ni kuwa waɗannan 'yan layukan su ne suke burge ni, domin a bayansu akwai wata sana'a mai wuya da ba a cika yabon masu ita ba, wato rubuta katalog. Idan littafi yana kulle, katinsa na katalog ne kaɗai yake magana da yawunsa. Katin ne yake sa a san yana nan, kuma shi ne yake yanke ranar da za a buɗe shi.

Yadda aka tara rumbun

A watan Disamba na 2004 kamfanin Google ya sanar da yarjejeniyar da ya ƙulla da ɗakunan karatu biyar: na jami'o'in Michigan, Harvard, Stanford da Oxford, da kuma babban laburaren jama'a na birnin New York. Google zai ɗauki hoton littattafan, ɗakunan karatun kuma su karɓi nasu kwafin. A 2008 wasu jami'o'in tsakiyar Amurka suka haɗa kai da Jami'ar Kalifoniya suka kafa HathiTrust, domin kwafin ya zauna a hannun ma'aikatan laburare, kada ya dogara ga kamfani. Yanzu rumbun ya haura kundi miliyan 17. Wajen kashi biyu cikin biyar ne kawai a buɗe. Sauran haƙƙin mallaka ya tsare su.

Marubuta ba su zuba ido ba. Ƙungiyarsu ta Authors Guild ta kai Google kotu a 2005, ta kai HathiTrust a 2011. A 2012 alƙali Harold Baer ya ba ɗakunan karatu gaskiya, a watan Yuni na 2014 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da manyan sassan hukuncin. Abin da ya fito fili shi ne, ya halatta a bar mutum ya binciki kalma a cikin littafi, kwamfuta ta gaya masa shafukan da kalmar take da kuma sau nawa ta fito a kowane shafi, ba tare da an nuna masa rubutun ba. Ya kuma halatta a ba makafi da masu larurar da ta hana su karanta takarda cikakken littafin. Iyakar ke nan. Daga nan sai nauyin ya koma kan katalog, domin dole a samu abin da zai bambance littafin da za a buɗe da wanda za a rufe, a cikin tarin da babu ɗan Adam ɗin da zai iya bin sa ɗaya bayan ɗaya.

Daga katin takarda zuwa gurabe masu lamba

Waɗanda suka yi karatu kafin zuwan kwamfuta za su tuna da akwatunan katako masu aljihu, cike da ƙananan katuna da aka jera bi da bi. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fara sayar wa sauran ɗakunan karatu bugaggun katuna tun 1901, kuma sai a 2015 ƙungiyar OCLC ta buga nata na ƙarshe. Wadda ta shimfiɗa hanyar mayar da katin na kwamfuta ita ce Henriette Avram. Ba ta karanci aikin laburare ba, gwanar tsara manhajar kwamfuta ce. Ta shiga Laburaren Majalisa a 1965, ta zauna ta fahimci yadda masu katalog suke tunani, sannan ta jagoranci samar da tsarin MARC, wanda aka kammala gwajinsa a 1968. Har yau shi ne ƙashin bayan katalog a yawancin ƙasashen duniya.

Hikimar tsarin ita ce kowane bayani yana da gurbinsa mai lamba. Gurbi na 100 na marubuci ne. Na 245 na sunan littafi ne. Na 260 ko 264 yana ɗauke da gari da maɗaba'a da shekara. Na 300 yana faɗin yawan shafuka da tsawon littafin a santimita da ko akwai hotuna. Na 506 yana bayyana ko an taƙaita shiga, na 856 kuma yana nuna inda kwafin kwamfuta yake. Saboda lambobin ba sa canzawa, katin da aka rubuta a Zariya kwamfutar da ke Tokyo za ta gane shi.

Amma gurbin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na 008, wanda mai karatu ba ya ma ganin sa. Layi ne ɗaya mai matsayi 40, daga 00 zuwa 39, kowane matsayi da aikinsa. Na 06 yana faɗin irin shekarar da za ta biyo baya: shekara ɗaya ce tabbatacciya, ko sake bugu ne, ko kirdado. Daga 07 zuwa 10 shekarar farko ce, daga 11 zuwa 14 ta biyu. Daga 15 zuwa 17 ƙasar da aka buga littafin. Na 28 yana nuna ko na gwamnati ne. Daga 35 zuwa 37 harshe ne, kuma alamar Hausa a wurin ita ce hau. Alamar Nijeriya nr ce, ta Nijar kuma ng, saboda haka harafi ɗaya ya isa ya ɗauke littafin Kano ya kai shi Damagaram, mai neman littattafan Nijeriya ya rasa shi.

Lambobi huɗu masu yanke hukunci

Duk littafin da ya shiga HathiTrust yana zuwa ne da katinsa daga laburaren da ya bayar da shi. Katunan suna taruwa a wani tsari mai suna Zephir, wanda laburaren kwamfuta na Jami'ar Kalifoniya ya gina ya fara aiki a 2013. Daga nan sai manhaja ta karanta shekara da ƙasa da alamar gwamnati, ta yanke hukuncin farko.

Dokar Amurka ta ba tsofaffin littattafai kariyar shekara 95 daga shekarar bugu. Don haka a 2025 duk wanda aka buga a Amurka kafin 1930 ya zama na kowa, kuma kowace ranar 1 ga Janairu iyakar takan matsa gaba da shekara ɗaya. Takardun da gwamnatin tarayyar Amurka ta rubuta ba su da haƙƙin mallaka tun asali, saboda haka idan matsayi na 28 ya nuna na tarayya ne kuma ƙasar Amurka ce, ana buɗe su ko da na bara ne. Littafin da aka buga a wata ƙasa kuwa, lissafinsa dabam. Ƙasashe da yawa, har da Ingila da Nijeriya, suna ƙirga shekara 70 ne bayan rasuwar marubuci. Tunda manhaja ba ta san ranar rasuwar kowa ba, sai ta yi taka-tsantsan: ba ta buɗe irin wannan littafi ga duniya baki ɗaya sai ya haura shekara 140. Wanda ya wuce 95 amma bai kai 140 ba, ana buɗe shi ga mai karatu da ke cikin Amurka, a rufe shi ga wanda ke waje.

A gwada wannan ma'auni a kan littattafan da muka sani. Ƙamusun Hausa na James Frederick Schön ya fito a Landan a 1876, saboda haka ya tsallake kowace iyaka. Tarin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da R. S. Rattray ya buga a Oxford a 1913 yana tsakiya: ya wuce 95, bai kai 140 ba. Babban ƙamusun G. P. Bargery na 1934 kuwa, bisa lissafin shekara 95 sai ranar 1 ga Janairun 2030 zai fita daga kariya a Amurka, kuma tunda Bargery ya rasu a 1966, ƙasashen da ke ƙirga shekara 70 za su jira har ƙarshen 2036. Ke nan ɗalibin da ke Michigan zai iya samun damar da ɗalibin da ke Sakkwato bai samu ba, a kan littafin da aka rubuta game da harshen Sakkwato. Abin yana da ciwo, amma ba mai katalog ya kawo shi ba. Abin da ke hannunsa shi ne kada kuskurensa ya ƙara wa jiran tsawo.

Kuskuren kuwa yana da sauƙin aukuwa. Idan aka bar gurbin shekara babu komai, ko aka cika shi da alamar rashin sani, manhaja ba ta da hujjar buɗewa, littafin zai zauna a kulle ko da ya shekara ɗari biyu. Idan kuma aka rubuta 1893 a maimakon 1983, an buɗe littafin da mai shi yana raye yana cin abinci da shi. Dukansu zalunci ne, ɗaya ga mai karatu, ɗaya ga marubuci.

Abin da gwani yake gani

Tarbiyyar farko da ake yi wa mai katalog ita ce ya rubuta abin da idonsa ya gani a shafin suna, yadda ya gan shi, ko da akwai kuskuren ɗab'i. Duk abin da ya samo daga wani wuri yana da alamarsa: a tsohuwar al'ada ana sa shi cikin baka mai kusurwa, idan kuma hasashe ne a ƙara masa alamar tambaya. Wannan ɗabi'a ta rarrabe abin da aka gani da abin da aka zata ita ce darajar sana'ar. Wanda zai zo bayan shekara hamsin zai san inda zai dogara da inda zai sake dubawa.

Mu da muka saba da littattafan kasuwar Kano mun san wahalar da ke nan. Da yawansu sun fito babu shekara, wasu babu sunan maɗaba'a. Gwani ba ya ɗaga hannu ya ce bai sani ba. Zai duba tallan wasu littattafai a bangon baya, ya duba kuɗin da aka rubuta, ya duba ranar da ke ƙarƙashin gabatarwa ko ta'aliki, ya duba hatimin ranar da laburare ya karɓi littafin. Daga nan zai iya cewa an buga shi a cikin shekarun 1990, ya rubuta lambobi uku na farko, ya sa harafin u a gurbin na huɗu. Wannan kirdado mai hujja ya fi gurbi wayam amfani nesa ba kusa ba.

Sai kuma batun bugu. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta fara fitowa a ƙarshen shekarun 1930, amma kwafin da ke hannun yawancin mutane na baya ne, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya sake bugawa. Dole mai katalog ya tantance: maimaici ne kawai na tsohon bugu, ko sabon bugu ne da aka gyara rubutu, aka ƙara hotuna ko gabatarwa? Idan maimaici ne, zai sa harafin r a matsayi na 06, ya rubuta shekarar sake bugun da ta asali duka biyu. Idan an ƙara sabon abu, to sabon abin yana da nasa haƙƙin da nasa lissafin. Haka kuma mujalla ko littafi mai juzu'i da yawa: kati ɗaya ne, amma juzu'i na farko zai iya zama na 1925, na ashirin kuma na 1945. Sai an rubuta shekarar kowane juzu'i a bayaninsa kafin manhaja ta iya buɗe na farko ta bar na ƙarshe.

Sunan marubuci ma aiki ne mai zaman kansa. Mutum ɗaya zai iya fitowa a matsayin Malam Abubakar Imam Kagara a wani littafi, Alhaji Abubakar Imam a wani, Dokta Abubakar Imam a wani. Masu katalog suna ajiye kundin sunaye inda ake zaɓar siga ɗaya, a ɗaura mata shekarun haihuwa da rasuwa, 1911 zuwa 1981, a kuma haɗa sauran sigogin da ita. Da wannan ake raba shi da duk wani Abubakar, da wannan kuma ake gane cewa a dokar Nijeriya kariyar ayyukansa za ta kai ƙarshen 2051. Aikin ya yi kama da na mai unguwa na ƙwarai: ba shi da ikon buɗe maka ƙofar gidan kowa, amma ya san wanda ke cikin kowane gida, da asalinsa, da ranar da ya tare.

Masu bin sawun haƙƙi

Hukuncin manhaja na farko ne kawai. A 2008 Jami'ar Michigan ta fara wani shiri na sa mutane su duba littattafai da idonsu. Dalili shi ne tsohuwar dokar Amurka ta tanadi cewa littafin da aka buga kafin 1964 sai an sabunta rajistarsa a shekara ta 28, in ba haka ba ya zama na kowa. Marubuta da maɗaba'u da yawa ba su sabunta ba. Ke nan a lokacin akwai ɗimbin littattafai na tsakanin 1923 da 1963 da ke kulle alhali doka ta riga ta sake su.

Mai dubawa yana buɗe hoton littafin, ya fara da tabbatar da cewa katin ya dace da abin da ke gabansa. Zai duba bayan shafin suna ko akwai sanarwar haƙƙin mallaka, domin a wancan zamani rashin sanarwar ma yana zubar da kariya. Zai nemi sunan littafin da na marubucin a kundin rajistar Ofishin Haƙƙin Mallaka, da kuma rumbun bayanan sabuntawa da Jami'ar Stanford ta tsara. Zai duba ko an fara buga littafin a wata ƙasa, domin wata doka da ta fara aiki a 1996 ta maido wa ayyukan ƙasashen waje da yawa kariyar da suka rasa. Sannan zai bi ciki yana neman abin da ba na marubucin ba: zane, hoto, waƙa, gabatarwar wani. Ko ɗaya daga cikinsu zai iya hana buɗewa.

Littafin Rattray ya nuna yadda wannan yake. Rattray ya rasu a 1938, amma ba shi kaɗai ne a ciki ba. R. R. Marett, wanda ya rasu a 1943, shi ya rubuta gabatarwa, matanin Hausa da ajami kuma Malam Shaihu ne ya rubuta shi a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Mai dubawa na gaskiya dole ya bi sawun kowannensu. Kuma ba a yarda da idon mutum ɗaya ba: mutane biyu ne suke duba kowane littafi, kowa bai san abin da ɗan'uwansa ya yanke ba. Idan suka saɓa, sai wani ƙwararre na uku ya raba gardama. Da wannan haƙuri aka duba dubban ɗaruruwan kundi, aka buɗe kaso mai yawa, kuma kowane hukunci an rubuta dalilinsa a gefensa.

Tsananin nan yana da tushe. A 2011 Michigan ta fitar da jerin littattafan da ta ɗauka marayu ne, wato waɗanda aka kasa gano masu haƙƙinsu, da niyyar buɗe su ga ɗalibanta. Cikin ƙanƙanin lokaci Authors Guild ta gano cewa J. R. Salamanca, marubucin ɗaya daga cikinsu mai suna The Lost Country na 1958, yana raye a jihar Maryland. An dakatar da shirin a wannan shekarar. Kasa samun mutum ba shaida ba ce cewa babu shi, kuma masu wannan aiki sun riƙe darasin.

Amfanin katin littafin da ba a buɗe ba

Ko da littafi ya ci gaba da zama a kulle, katinsa yana aiki. Mai bincike a kan tarihin Gaskiya Corporation zai iya gano cewa sunan ya fito a shafuka goma sha biyu na wani littafi da bai taɓa jin labarinsa ba. Katin zai ba shi lambar OCLC, wadda za ta kai shi kundin WorldCat ya ga ɗakunan karatun da ke da kwafin takarda. Ya san abin da zai nema da shafin da zai buɗe kafin ya kashe kuɗin mota ko ya roƙi wani ya duba masa.

An ga ƙarfin wannan lamba a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe jami'o'i. HathiTrust ta buɗe wata hanya ta wucin gadi: idan laburaren jami'a yana da kwafin takarda a kanta, ɗalibansa za su iya aron kwafin kwamfuta, mutum ɗaya a kan kowane kwafi. Abin da ya sa hakan ya yiwu cikin 'yan makonni shi ne daidaita lambobin da ke katunan kowane laburare da na rumbun. Littafin da aka yi wa kati mai kyau shekaru talatin da suka wuce ya isa hannun ɗalibi, wanda aka yi wa na ganganci kuma ya faɗi a tsakani.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Littattafanmu suna shiga irin waɗannan rumbuna ta hannun ɗakunan karatun da suka saye su, kuma ɗakunan karatunmu, daga na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello zuwa Gidan Arewa da ke Kaduna, suna riƙe da abubuwan da babu su a ko'ina. Duk ranar da aka ɗauki hotonsu, tambayoyin nan ne za su taso: wa ya rubuta, yaushe, a ina, yana raye ko ya rasu, su waye magadansa? Marubuci da maɗaba'a za su iya sauƙaƙa amsar tun yau, ta hanyar rubuta cikakken suna da shekara da gari da lambar bugu a bayan shafin suna, su karɓi lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa, su kuma kai masa kwafin da doka ta ce a kai. Iyalan marubutan da suka rasu za su iya taimakawa da tabbatar da shekarun haihuwa da rasuwa. Wanda kuma yake son a karanta aikinsa kyauta, HathiTrust tana da takardar izini da mai haƙƙi zai cike a buɗe littafinsa ba sai an jira shekara 95 ba.

Sauran aikin na masu katalog ne, kuma ya kamata makarantunmu na koyon aikin laburare su ɗauke shi da muhimmancin da ya dace, shugabannin jami'o'i kuma su daina ganin sashen katalog a matsayin wurin da ake tura wanda ba a san inda za a kai shi ba. Mutumin da ke zaune a wurin yana buƙatar sanin harshe, da tarihin ɗab'i, da doka, da kuma amanar da za ta hana shi rubuta abin da bai tabbatar ba. Idan muna son jikokinmu su samu littattafan Hausa a ranar da doka ta sake su, to wannan mutumin ne za mu horar, mu biya shi haƙƙinsa, mu ba shi lokacin da zai yi aikin daidai.